Turawan Mishan da Koyon Hausa, daga Saliyo zuwa Zariya, 1841–1932

Duk wanda ya buɗe tsofaffin littattafan nahawun Hausa da ƙamus-ƙamus na boko zai tarar galibin sunayen da ke bisa bangonsu na Turawan Mishan ne. Wannan sananne ne. Abin da ba a cika tambaya ba shi ne, a ina mutanen nan suka zauna suka koyi harshen, daga bakin wa suka ji shi, kuma wane irin zama su ke yi sa'ad da su ke koyon. Tambayar tana da amfani gare mu masu koyar da Hausa, domin irin Hausar da mutum ya ji ita ya kan rubuta, abin da kunnensa bai kama ba kuwa ba ya shiga littafinsa. Littattafan nan kuma su ne harsashin da aka ɗora rubutun boko a kai.

Sai mu fara da James Frederick Schön, Bajamushe, wanda aka haifa a ƙasar Baden cikin 1803. Ya yi karatun aikin bishara a Basel, sa'an nan ƙungiyar C.M.S. ta Ingila ta ɗauke shi, ta aika da shi Saliyo cikin 1832. A wannan zamani Saliyo matattara ce ta bayin da jiragen yaƙin Ingila su ke ƙwatowa daga hannun masu fataucinsu a teku, a sauke su Firitawun, a 'yanta su. Saboda haka garin ya cika da harsuna iri iri. Wani ɗan Mishan ɗin, S. W. Koelle, bai fita daga Saliyo ba ya tattara kalmomi kusan 300 cikin harsuna fiye da 100, ya buga su cikin 1854, har da Hausar Kano da ta Katsina. Amma fa ƙasar ba ta karɓi Turawa ba. Zazzaɓi ya kan kwashe su tun ba su gama sanin hanyar kasuwa ba, har a ke kiran wurin kabarin Turawa. Shi kansa Schön mata biyu ya binne a can.

Cikin 1841 Gwamnatin Ingila ta shirya jirage uku su hau Kwara, domin ƙulla alkawari da sarakuna a kan barin cinikin bayi. C.M.S. ta sa Schön da Samuel Ajayi Crowther su bi ayarin, aka kuwa ɗora wa Schön koyon Hausa da harshen Ibo kafin tashi. Malamansa 'yantattun bayin nan ne. Ya kamata mai karatu ya dubi yadda irin wannan karatu ya ke. Ba littafi, ba ƙamus, ba wanda ya taɓa tsara nahawun harshen da boko. Mai koyarwar ba malami ba ne, manomi ne ko ɗan kasuwa da aka raba da garinsu shekaru da yawa, bakinsa ya riga ya gauraya da Turancin Saliyo. Sai a nuna abu ya faɗi sunansa, a rubuta, a karanta masa, in ya gane ya ɗaga kai. Sunan tukunya da na akuya suna samuwa ta wannan hanya. Amma a ce za a gane bambancin "ya zo" na wanda ya riga ya iso da "ya zo" na wanda a ke umurta da zuwa, wannan kam ba a nuna shi da yatsa.

Tafiyar ba ta yi kyau ba. Turawa fiye da 40 suka mutu da zazzaɓi, jirgin da ya fi nisa kuwa bai wuce Egga ta ƙasar Nufe ba. Nan ne iyakar kusantar Schön da ƙasar Hausa duk tsawon ransa. Wani abu ya faru a hanya wanda ya dace a tuna da shi. A garin Abo, Schön ya tashi karanta wa Sarki Obi wani jawabi da ya shirya da harshen Ibo. Sarki ya saurara kaɗan ya katse shi, don furucin bai shiga kunnensa ba. Da tafinta Simon Jonas, wanda shi Ibo ne da aka 'yanta a Saliyo, ya karɓa, sai Sarki ya saki jiki ya ji. Harshen Ibo na karin sauti ne kamar Hausa, kalmomin Schön ko da sun yi daidai a takarda, hawa da saukar muryarsa na Jamus ne. Ya komo da ra'ayin cewa aikin nan sai 'yan ƙasa, ya kuwa faɗa wa shugabanninsa haka. Cikin 1843 ya buga ɗan littafin kalmomin Hausa haɗe da taƙaitaccen nahawu. Cikin 1847 rashin lafiya ya fitar da shi daga Afirka, ya koma Ingila ya zama limamin wani asibitin mayaƙan ruwa a Chatham.

Da a ce abin ya tsaya nan, da ba mu da dogon zance a kansa. Amma cikin 1855 Heinrich Barth, wanda mutanenmu suka sani da Abdulkarim, ya komo daga tafiyarsa ta shekara biyar tare da samari biyu, Dorugu da Abbega. Dukansu bayi ne dā, abokin tafiyarsa Overweg ya 'yanta su a Kukawa, da ya mutu cikin 1852 suka koma hannun Barth, suka bi shi har Tambutu. Abbega Margi ne. Dorugu kuwa Bahaushe ne, mutumin Dambanas kusa da Kance a ƙasar Damagaram, an kama shi tun yana yaro. Schön ya ji labarinsu, ya nemi su zauna wurinsa. Barth ya so a mayar da su gida kamar yadda ya yi niyya, maganar ta ɓata tsakanin mutanen biyu. Abbega ya koma cikin 1857, daga baya har ya yi sarautar Lakwaja. Dorugu ya zauna har 1864.

To, a nan al'amarin ya juye. Maimakon ɗan Mishan ya je ƙasar baƙi ya koyi harshensu, sai ga harshen ya zo ya same shi a ɗakinsa, baƙuncin kuma ya koma kan mai koyarwa. Dorugu ne ke shan sanyin Ingila, shi ke mamakin abincinsu da tufafinsu, Schön kuwa yana zaune da alƙalami yana rubuta abin da ya ke faɗa. Ya ba da tatsuniyoyi, ya ba da labarin ransa tun daga ranar da aka kama shi, da sayar da shi, da ƙetare Hamada, har zuwa yadda Turawa su ke zaman cin abinci in sun yi baƙi. Daga wannan zama ne aikin Schön ya yi ƙarfi. Ya fitar da fassarar Linjilar Matta cikin 1857, da nahawu cikin 1862, da ƙamus cikin 1876, da Sabon Alkawari cikin 1880, sa'an nan Magána Hausa cikin 1885, inda labarin Dorugu ya ke. Faransawa suka ba shi kyautar Volney cikin 1877, Jami'ar Oxford ta ba shi digirin girmamawa cikin 1884. Dorugu kuwa ya koma ya yi aikin tafinta, ya ƙare kwanakinsa yana koyar da boko a makarantar Ɗan Hausa a Nasarawa, Kano, ya rasu cikin 1912. Sai cikin 1971 A. H. M. Kirk-Greene da Paul Newman suka fitar da labarinsa da Turanci da sunansa. Ni a ganina, in ana lissafin marubutan zube na Hausar boko, da Dorugu ya kamata a fara, ko da ya ke ba hannunsa ne ya riƙe alƙalamin ba.

Sai dai dole a faɗi iyakar abin. Hausar da ke cikin littattafan nan galibinta ta mutum ɗaya ce, wanda ya bar gida bai balaga ba, ya yi zama cikin Barebari da Larabawa da Turawa. Karin harshensa na Damagaram ne. Ba shi da Hausar fada, ba shi da ta zauren malamai. Wannan ba aibi ba ne gare shi, har ma dai shi ya sa littafin ya ke da daraja ga mai binciken kare-karen Hausa, domin da wuya a sami wata shaida mai tsawo haka ta yadda talakan Damagaram ya ke magana a tsakiyar ƙarni na 19. Aibin yana wurin wanda ya ɗauki bakin mutum guda ya ce shi ne harshen duka.

Babbar matsalar kuwa ta kunne ce. Abu uku ne ke raba ma'ana cikin Hausa waɗanda Bature bai saba da su ta wannan fuska ba. Akwai baƙaƙen nan da mu ke yi wa ƙugiya yanzu, watau ɓ da ɗ da ƙ. Akwai tsawon wasali, akwai kuma karin sauti. Rubutun Schön bai raba fada da faɗa ba, ko baki da baƙi, ko bari da ɓari. Bai tsaya kan abin da ya raba gari na mutane da garin tuwo ba. Game da karin sauti kuwa, abin da ya yi yana da ban sha'awa. Ya kan ɗora alama bisa gaɓar da ya ji ta fi nauyi, kamar yadda a ke yi wa Jamusanci ko Turanci. A dubi sunan littafinsa ma, alamar tana kan gaɓar tsakiya ta kalmar magana, ita ce kuwa gaɓar da murya ta ke hawa cikinta. Ashe kunnensa ya ji wani abu, sunan da ya ba abin ne ba daidai ba. Dabarar ta kan yi aiki in gaɓa ɗaya ce tak mai hawa cikin kalma. In aka zo kan kuka na mai hawaye, wanda gaɓoɓinsa biyu duk a sama su ke, da kuka ta miya, wadda ta ke hawa ta sauka, sai dabarar ta gaza.

Abin da ya kan ba ni haushi in na tuna shi ne, amsar rabin matsalar tana nan cikin allon kowane almajiri. Mai rubuta ajami ya san dal daban, ɗa mai hannu daban. Yana da kaf lasan, yana da ƙaf wau. Ya kan ja wasali da alif ko wau ko ya. Ajami bai kai ga karin sauti ba, bai kuma cika raba b da ɓ ba, amma ya riga boko nisa a wannan fage. Schön bai sami zama gaban malamin ajami ba, don babu shi a Chatham.

Waɗanda suka biyo baya sun so su gyara wannan ta wajen kusantar mutane. Cikin 1890 wata ƙungiyar samarin C.M.S. ta sauka Lakwaja, shugabanninta Graham Wilmot Brooke da John Alfred Robinson. Suka ajiye kwat da wando, suka sa riga da rawani, suka ci abincin ƙasa, suka ce ba su neman kariyar Ingila in wani abu ya same su. Suka buɗe ɗakin magani, su kan zauna da fatake da malamai ana taɗi, Robinson yana fassara Linjila. Sa riga da rawani dai bai hana sauro cizo ba. Tun tafiyar Dokta Baikie ta 1854 aka san kwinin yana tsare zazzaɓi, duk da haka Robinson ya mutu cikin 1891, Brooke ya bi shi cikin 1892. Ba zan wuce ba tare da na ce, samarin nan su ne suka tsananta wa limaman Afirka da ke ƙarƙashin Bishop Crowther, suka sa aka kori da yawa daga cikinsu, alhali kuwa waɗannan su ne suka daɗe a bakin Kwara suna jin harsunan mutane. Nasihar da Schön ya kawo daga Abo shekara 50 kafin nan ta bi ruwa ke nan.

Don tunawa da John Robinson aka kafa wata ƙungiya a Ingila ta nazarin Hausa, ta zaɓi ɗan'uwansa Charles Henry Robinson ya ci gaba da aikin. Shi kuma bai nufo Kwara kai tsaye ba, sai ya fara zuwa Tarabulus da Tunis cikin 1893. Mai karatu na yanzu zai yi mamakin a je bakin Bahar Rum neman Hausa. Dalilin kuwa a fili ya ke. Tarabulus ita ce bakin hanyar ayarin da ke tasowa daga Kano ta Zinder da Agadas da Gat da Gadamas. Akwai fatake, akwai alhazai masu yada zango, akwai bayi da 'yantattu masu yawa da Hausa ce harshensu. Ga shi kuma Bature ya kan yi wata da watanni a can ba zazzaɓin da ya kayar da shi. Watau Tarabulus ta zama makarantar Hausa ta Turawa shekaru da dama. Karl Kumm ma, wanda ya kafa Mishan ɗin S.U.M. a Wase cikin 1904, can ya fara zuwa.

Daga baya Robinson ya biyo ta Lakwaja da Loko da Keffi da Zariya, ya shiga Kano cikin Disamba 1894, ƙurar basasa ba ta gama kwantawa ba. Ya yi kamar wata uku a birnin, yawancinsa cikin ciwo. Wanda ya karanta littafin tafiyarsa na 1896 zai ga rabin ƙarfin mai koyon harshe a wannan zamani wajen 'yan alaro da kuɗin wuri ya ke tafiya. Wuri yana da nauyi, ƙimarsa kaɗan, har abin da ɗan alaro zai ci a doguwar tafiya ya kan cinye kuɗin da ya ɗauko. Sai a yi ta cinikin yadi da sauran haja kafin a sami na cefane. Duk da haka Robinson ya yi abin da Schön bai samu ba, ya zauna da malamai, ya sayi rubuce-rubucen ajami, ya buga waɗansu waƙoƙin wa'azi da hoton rubutunsu cikin 1896. Nahawunsa ya fito cikin 1897, ƙamus kuma cikin 1899 da 1900, Jami'ar Cambridge ta ba shi koyar da Hausa. Wata uku ba ya isa a ƙware, Hausarsa kuma ta littafi ce fiye da ta baki, amma daga kansa ne Turawa suka fara duban abin da Hausawa suka rubuta da hannunsu.

Wanda ya ƙware ƙwarai shi ne Dokta Walter Miller. Shi ma Tarabulus ya fara zama gab da 1900, a can ya gamu da wani yaro Bakatsine mai niyyar hajji, Abdulmajid Tafida, wanda daga baya ya zauna tare da shi ya taimake shi aikin fassara. Cikin 1900 Miller ya bi Bishop Tugwell su biyar daga Ikko ta ƙasa har Kano. Sarki Alu bai karɓe su ba, ya ba su kwana uku su fita. Suka komo ƙasar Zazzau suka zauna Girku, inda ɗayansu, Dudley Ryder, ya mutu, sauran suka janye zuwa Loko. A Girku ɗin nan ne kuma Walter Gowans na Mishan ɗin S.I.M. ya mutu cikin 1894. Miller bai fasa ba. Ya buga Hausa Notes cikin 1901, cikin 1905 kuma ya sami zama cikin birnin Zariya, ya buɗe ɗakin magani da makaranta, har aka mayar da Mishan ɗin Wusasa cikin 1929.

Bambancin Miller da na gabansa bai wuce tsawon zama da irin mutanen da ya zauna da su ba. Likita ya kan ji Hausar da ba a shirya ta domin baƙo ba, ta tsohuwa mai ciwon baya, da ta uwar da ɗanta ke zafin jiki. Gidansa cike ya ke da yara, su kuwa yara ba su ɓoye dariya in babba ya karya harshe. Yana shiga fada, yana jayayya da malamai. Shekara fiye da 20 yana cikin wannan. Mutum ne mai kaifin baki, bai bar Sarakuna ba, bai bar Gwamnati ba, Musulmin Zariya da suka bi addininsa kuwa kaɗan ne ƙwarai. Amma game da harshe ba a musa masa ba. Yana cikin waɗanda suka matsa wa Gwamna Lugard a kama boko a bar ajami cikin aikin mulki, wannan kuma shawara ce da har yanzu a ke saɓani a kanta. Daga makarantarsa aka sami John Tafida Umaru, wanda suka rubuta Jiki Magayi tare da R. M. East.

Cikin 1932 aka buga Littafi Mai Tsarki dukansa da Hausa, Miller ne ya ɗauki mafi yawan nauyin, tare da wakilan sauran Mishan. Masu fassarar sun tarar Musulunci ya riga ya ba Hausa kalmomin addini, suka ɗauki Allah da annabi da mala'ika da Attaura da Zabura da Linjila da Almasihu, amma suka zaɓi Yesu a maimakon Isa. Littafin bai yi tasiri sosai cikin birane masu ganuwa da aka nufa da shi ba. Inda ya yi aiki shi ne ƙasar Jos da kudancin Zazzau da Adamawa da bakin Binuwai, wurin mutanen da Hausa ba harshen iyayensu ba ne, inda ta zama harshen coci da na makaranta.

Gyaran kunnen kuwa a hankali ya zo. Hanns Vischer, Ɗan Hausa, wanda shi ma da aikin Mishan ya fara shigowa, ya fitar da ƙa'idodin rubutun Hausa cikin 1912, inda a ke ɗiga ɗigo ƙarƙashin b da d da k. F. W. Taylor ya nuna karin sauti cikin nahawunsa na 1923. G. P. Bargery, wanda ya zo a ɗan C.M.S. cikin 1900 kafin ya koma ma'aikatar ilmi, ya yi shekaru yana zaga garuruwa tare da malamai yana tattara kalmomi, ƙamusunsa na 1934 ya ƙunshi kalmomi wajen 39,000, kowace da tsawon wasalinta da karin sautinta, da yawa kuma da sunan ƙasar da a ke faɗarsu. Ƙugiyar da mu ke yi wa ɓ da ɗ da ƙ ta tabbata ne cikin shekarun 1930 ta hannun East da ofishin talifi na Zariya, da ita kuma Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fitowa cikin Janairu 1939. Tsawon wasali da karin sauti dai an bar su waje, rubutun yau da kullum bai ɗauke su ba. Bahaushe ya kan cike gurbin da kunnensa in yana karatu. Ɗalibin kwalejin horon malamai wanda ya koyi Hausa a coci ko a kasuwa, in aka rubuta masa wuya a allo, sai ya jira sauran jimlar kafin ya san ko ta jiki a ke nufi ko wahala.